Babu Saniya a Hanyar Tsanyawa

Tun ranar da muka dawo wayata ba ta huta ba. Wannan ta ce Ruƙayya ya Maraɗi, waccan ta ce ina tsarabarmu, wata kuma ta kira ta yi ta kewaye-kewaye, ta tambayi jikin Inna, ta tambayi ruwan sama, alhali na san abin da take son ji: wai da gaske ne abin da ake faɗa a kaina? Na gaji da maimaitawa. Shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya, na sa muku a gurup ɗinmu na 'yan aji. Wadda ta karanta ta karanta. Don Allah kada wadda ta sake kirana a kan maganar nan.

Abin da ya kai ni Maraɗi shi ne Gwaggo Hajara, ƙanwar Baba, wadda aure ya kai can tun ba a haife ni ba. An yi mata aiki a ciki, ana ta waya, amma ba wanda ya je daga gidanmu. Baba ba zai rufe Islamiyya ya tafi ba, Inna kuma ƙafa ta hana ta. Ni ce na rage, kuma kun san Baba, ba zai sa ni a motar haya ni kaɗai ba ko da Kabo zan je. Ana cikin haka aka gayyaci kulob ɗin su Yaya Sagir wasan sada zumunci a can. Yaya shi ne golansu. Baba bai taɓa son ƙwallo ba, amma ya ce ga muharrami ga mota, in shirya.

Ba Yaya kaɗai ya sa Baba ya yarda ba, har da Koci Bala. Ga wadda ba ta san shi ba, tsohon direban babbar mota ne, shi ya tara su Yaya tun suna buga ƙwallo ba takalmi a filin bayan firamare, shi ke koyar da su, shi kuma ke tuƙa su duk inda za su. Usur ɗinsa ba ya barin wuyansa ko a wajen ɗaurin aure. Yana da doka ɗaya da kowa a Gwarzo ya sani: duk ɗan wasan da ya sha wani abin maye, ko maganin tari ne, ya ajiye riga. Bara ya kori Nafi'u, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a cikinsu, a kan kwalba ɗaya. Mahaifin Nafi'u ya je roƙo har sau uku, Koci bai saurare shi ba. Tun daga nan iyaye suka saki jiki da shi. Ku riƙe wannan, za ku ji amfaninsa a gaba.

Mun tashi ranar Juma'a da sassafe a farar bas ɗin Alhaji Uba na Kabo, uban kulob ɗin. Mota mai cin mutum sha takwas, muka shiga mu ashirin da ɗaya. Da yake ni kaɗai ce mace, ba a cusa ni cikin maza ba, aka ba ni gaba, gefen taga, Yaya ya zauna tsakanina da Koci. A lokacin har daɗi na ji, an girmama ni. Da na san abin da kujerar nan za ta ja mini da na roƙi a ɗaure ni a saman mota tare da ragar gola.

Daga Bichi zuwa Katsina ba abin faɗa sai waƙa da gardamar ƙwallon Turawa, mutum ashirin kowa yana magana ba mai saurare. Bayan Katsina ne hanya ta fara gajiyar da mutum. Shinge bayan shinge, kafin mota ta ɗauki gudu an sake tsayar da ita, a leƙo, a ga riguna iri ɗaya, a tambayi wa za ku buga wa, a ce Allah ya ba da sa'a. Wani ma sai da ya leƙo ya dube ni ya tambaya ko ni ce alƙalin wasa. Duk motar ta ɗauki dariya. Yaya bai yi ba.

A iyaka aka sauke mu duka. Masu kakin can ɓangaren suka fara yi mana Faransanci, muka yi tsuru-tsuru, sannan ɗayansu ya juye Hausa tiryan-tiryan ya ce a kawo katin shaida. Da suka zo kan buhun ƙwallaye sai suka ce a sace iskar kowacce, su tabbatar ba a cusa komai a ciki ba. Aka sace. Sai da aka gama aka tuna an bar famfon a Gwarzo, a kan bencin mai shayi. Kowa ya ce wane ne ya kamata ya ɗauko. Haka muka shiga ƙasar mutane da ƙwallo biyar a lotse kamar waina. A Ɗan Isa muka samu wani tsoho mai faci ya hura mana, ya ƙi karɓar komai, ya ce ai ba a karɓar kuɗin wanda za a zura wa uku. Koci ya yi dariya ya ce sai mun dawo za su yi magana. Layin wayata kuma tun daga iyaka ya ɗauke, na bar Inna tana ta kira ba ta samu.

'Yan wasa aka sauke su a wata makaranta, ajin yara, da 'yan bencina da ko cinyar Yaya ba za su ɗauka ba. Ni aka kai ni gidan Gwaggo. Na same ta ta rame amma bakinta na nan, kafin in cire takalmi ta tambaye ni ko har yanzu Baba na ƙin cin yaji, ko bishiyar darbejiyar ƙofar gida na nan, ko wance ta haihu. Hausarta duk ta koma tasu. Fura ta zama hura, lafiya ta zama lahiya, biyar ta zama biyat. Ni kuma da na buɗe baki sai yaran gidan su tuntsure da dariya su ce Bakanuwa ta yi magana.

Abinci kam, gaskiya furarsu ta fi tamu, kuma ku faɗa wa duk wanda kuke so na faɗa. Amma burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa ya yanke mini dasashi a cizon farko. Shayinsu kuma ba irin namu mai madara ba ne, a ɗan ƙaramin kofi ake zubawa, ɗaci kamar maɗaci, kuma sau uku ake ba ka. Na shanye na farko da ƙyar don kunya, ina ajiyewa aka ɗora na biyu. Da rana tsaka kuma gari yakan mutu, kanti a rufe, ofis a rufe, kowa ya je ya kwanta, sai la'asar a farfaɗo. Na ce wa Gwaggo a Kano wanda ya rufe shago da azahar sai a je gaishe shi a ji ko rasuwa aka yi.

'Yar Gwaggo, Nana, sa'ata ce, kuma babur take tuƙawa da kanta, da hijabinta da komai. Ranar farko na ƙi hawa, rana ta biyu na hau, na ƙanƙame ta har ta ce zan karya mata haƙarƙari. A hanyar kasuwa muka wuce wani gida mai shuɗin ƙyaure, an jibge akwatunan korayen kwalabe a bakin ƙofa, da rana kata, ba mai ɓoyewa. Na tambaya, Nana ta ce gidan giya ne, ko waiwayawa ba ta yi ba. Na kau da kai na yi a'uziyya. To, iyakar abin da na sani game da giya ke nan a duniya: koriyar kwalba a bakin shuɗin ƙyaure. Ban san warinta ba. Ina zan san shi? A gidan Malam na tashi, makarantar kwana ta mata muka yi tare da ku.

Wasan ranar Lahadi aka yi. Uku aka zura musu, daidai yadda mai faci ya faɗa, kuma aka taka Yaya a cinya har yana ɗingishi. Koci ya yi ta ihu a bakin fili sai da muryarsa ta dushe.

Ranar Litinin aka ce ƙarfe takwas za a tashi. Koci bai zo ba sai wajen goma. Idonsa ja, 'yan wasa suka ce baƙin cikin wasa ne, kowa ya yi shiru kada ya ja wa kansa. Yaya ya ce ba zai iya naɗe ƙafarsa a gaba ba, ya koma kujerar bakin ƙofa inda zai miƙe ta. Aka ɗauko buhun tsarabar da Gwaggo ta haɗa mini, cuku da dabino da turaren wuta, aka ajiye a kujerar tsakiya ya zama shamaki tsakanina da Koci. Yana shiga ya miƙo mini wata gorar roba ta lemo, cike da wani baƙin ruwa, da guntayen itatuwa a ciki.

"'Yar Malam, riƙe mini tsimin nan. Basir ya tasar mini. In na miƙo hannu ki buɗe ki ba ni."

Na karɓa da hannu biyu. Me zan ce? Inna ma tana jiƙa saiwoyi a gida, kuma nata ma ba ƙamshi yake ba. Da na buɗe na ji wani wari mai hawa kai, sai na ce a raina itatuwan Nijar sun fi namu ƙarfi. Na ba shi sau ɗaya kafin mu fita gari, sau ɗaya bayan Ɗan Isa. Da muka doshi iyaka ya ce in sa gorar a ƙarƙashin hijabina, kada su zubar masa da magani kamar yadda suka sace iskar ƙwallaye. Na sa. Ba wanda ya taɓa ni, ai mace ce. Ni Ruƙayya, da hannuna, na tsallako da ita iyaka, har ina jin daɗin na taimaki babba.

A Katsina aka tsaya sallar azahar, Koci bai sauka ba, ya ce zai haɗa da la'asar. Bayan an ci abinci duk motar ta yi barci. Shi kuma bakinsa ya buɗe. Mutumin da tun Juma'a bai yi mini magana ta wuce gaisuwa ba, sai ga shi yana ba ni labarin yadda ya taɓa kwana uku a hanyar Agadas da mota ta lalace. Ya gama, ya sake farowa daga farko. Ya kira ni Rabi. Motar ta riƙa zamewa tsakiyar titi tana dawowa, wata tirela ta danna mana hon har cikin cikina na ji shi. Na waiwaya, Yaya ya saki baki yana barci. Na so in tashe shi, kunya ta hana ni. Ta yaya yarinya za ta ce wa sa'an babanta bai iya tuƙi ba? Da ƙyar na iya cewa, "Koci, a hankali." Ya yi dariya ya ce tun ba a haife ni ba yake riƙe da sitiyari.

Mun wuce Kankiya, ba mu kai Tsanyawa ba, ya miƙo hannu karo na biyar. Na buɗe murfin. Ya juyo da kansa wajen gorar. Hanya ta yi kwana, mu ba mu yi ba.

Abin da nake tunawa shi ne karan gero yana dukan gilashi, fat-fat-fat, kamar ana tafi. Sai wani tsalle, sai muka daki suri, motar ta kwanta a gefe a hankali kamar raƙumi. An yi ruwa da safe a wajen, ƙasa ta yi laushi, mutanen ƙauyen da suka taru suka ce shi ya cece mu bayan ikon Allah. Ban san yadda na fito ba. Na ga kaina a zaune a kunya, takalmi ɗaya, ina ta salati, gorar a hannuna babu komai a ciki. Duk ta juye a jikina, daga ƙirji har cinya. Mutum biyu sun fashe a kai. Yaya ya karye a wuyan hannu, hannun dama, gola.

Koci ya fito ba ko ƙwarzane. Ya dafa motar, ya dubi titi, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Kun ga saniyar nan?"

Wallahi sai ga mutum uku sun ce sun gan ta. Ɗaya har da cewa fara ce. Mutanen da nake jin minsharinsu har lokacin da muka bar kwalta.

Wata motar ɗaukar kaya ta kai mu wani ƙaramin asibiti a bakin hanya. Wata dattijuwar nas ta zo duba ni, tana matsowa ta tsaya, ta ja hanci, ta dube ni sama da ƙasa. Ta tambaye ni me na sha. Na ce ruwa. Ta ce ita ta tsufa tana karɓar 'yan hatsari a hanyar nan, ba a ɓoye mata warin giya, kuma abin kunya ne yarinya kamata da hijabi har ƙasa. Da ƙarfi ta faɗa, 'yan wasa suna zaune a benci suna ji. A nan na san abin da na riƙe tun daga Maraɗi. Na waiga in ga Koci, ya fita waje wai yana neman sabis.

Mun iso Gwarzo, amma labari ya riga mu. Kafin kwana biyu an ce 'yar Malam ta je Nijar ta dawo tana warin giya. Wasu suka ce da kwalba aka ciro ni daga mota. Kun san ina taya Baba koyar da ƙananan yara a Islamiyya. Ranar Laraba wata mata ta aiko a ce 'ya'yanta biyu ba za su ƙara zama a ajina ba. Inna ta yi kuka, ta ce in kawo hijabin ta ƙone shi. Na ƙi. Na naɗe shi na ɗaure a leda biyu na tura ƙarƙashin gado, ban ma san me zan yi da shi ba.

Yaya ya same ni a ɗaki da hannunsa a ɗaure da karan ɗori. Na ɗauka jaje ya zo yi mini. Ashe roƙona ya zo yi in yi shiru. Ya ce Koci uba ne a wajensu, ya ce gasa ta kusa kuma akwai masu zuwa daga Kano duba 'yan wasa, ya ce ba wanda ya mutu, ya ce surutun mata ne, mako ɗaya zai wuce. Na tambaye shi ko ya ga saniyar. Ya ce ba wannan ce maganar ba. Na tambaye shi wa zai tuƙa su ranar Asabar ta sama, tunda na ji an kai bas gyara. Ya dubi ƙasa. Shi ne na tashi na je na faɗa wa Baba komai, har da yadda na ɓoye gorar a iyaka. Baba ya saurara har na gama. Sannan ya aika Kabo a kira Alhaji Uba.

Ranar Alhamis bayan la'asar suka zauna a zaurenmu: Baba, Alhaji Uba, mai unguwa, da iyayen 'yan wasa biyu, ɗayansu Malam Sani mahaifin Nafi'u da aka kora bara. Koci na gefe, Yaya na bakin ƙofa. Ni aka ce in zauna a bayan labulen soron ciki. Na miƙa ledar, Yaya ya kai musu.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi hatsarin ba ni haushi. Da aka kwance ledar, ni da nake bayan labule sai da warin ya iso ni. Alhaji Uba ya ɗaga hijabin ya kai hanci, ya ce shi mura yake yi, ba ya jin komai. Ya miƙa wa mai unguwa. Mai unguwa ya shinshina ya ce shi tunda uwarsa ta haife shi bai san warin abin nan ba, balle ya yi shaida a kai, amma kamar fenti. Ya miƙa wa na kusa da shi, mutumin da kowa ya san ya yi shekara goma sha biyu yana aikin tashar jirgin ruwa a Ikko. Shi ma ya ce turaren wuta kawai yake ji. Ashe duk wanda ya ce ya gane warin, za a tambaye shi a ina ya san shi. Dattawa masu furfura, kowa yana tsare mutuncinsa, nawa kuma yana yawo daga hannu zuwa hannu.

Alhaji Uba ya gyara zama ya ce to tunda ba a tabbatar ba, a bar maganar. Ya ce mutum uku sun ga saniya, yarinya ɗaya ce ta ce ba ta gani ba, kuma a firgice take. Ya ce Bala ya yi shekaru yana wahala da yaran nan ba a biyansa, in aka kore shi wa zai riƙe su, sai su koma zaman bakin titi, a nan ne za a ga shaye-shaye na gaske. Wannan ta ƙarshen gaskiya ce, ban musa ba. Amma sai na ji muryata ta fito ba tare da an ba ni izini ba.

"Alhaji, ni ce a gaba. Ni kaɗai ce idona biyu. Babu saniya."

Baba shi kaɗai ne bai taɓa hijabin ba. Ya juya wajen Koci, a hankali yake magana kamar yana biya wa yaro karatu.

"Bala, ni ban san warin nan ba, ba na kuma son in sani. Amma gari ya ce giya ce, kuma ya ce 'yata ce ta sha. In ba kai ba ne, ita ce. Faɗa mini ita ce, a nan, a gaban mutanen nan, sai in shiga gida in san abin da zan yi da ita."

Ta ƙasan labule ina hango ƙafafun Koci. Ya daɗe yana murza babban yatsansa a tabarma. Na ɗauka zai sake kawo saniyar. Da ya buɗe baki muryar a dushe take.

"Malam, yarinyar nan ba ta san abin da ta riƙe ba. Ni na ba ta. Babu saniya."

Na ji ƙarar makulli a kan tabarma, sannan na ga usur ya sauka kusa da shi.

Na ɗauka an gama. Ina. Alhaji Uba ya ɗauke makullin ya sa a aljihu, sannan ya tura usur ɗin da yatsa ya mayar gaban Koci. Ya ce tuƙi kam ya ƙare har abada, amma koyarwa daban, tuƙi daban, kuma wanda ya faɗi gaskiya a rufa masa asiri. Malam Sani ya ce shi sau uku ya durƙusa wa mutumin nan a kan kwalbar maganin tari ɗaya, kuma ɗansa ba mota ya tuƙa ba, kansa kaɗai ya cuta. Ya ce doka in doka ce ta hau kan mai ita. Aka yi ta ja har aka kira magariba. Kun san yadda aka raba gardamar? Ba a kori Koci ba. Sai aka ce a mayar da Nafi'u. Wai tunda an yafe wa babba, a yafe wa yaro, kowa ya samu. Malam Sani ya bar maganar, ai ɗansa ya koma. Baba abu ɗaya ya nema, Koci ya je fili ya faɗa wa 'yan wasa da bakinsa abin da ya faɗa a zaure. Ya je ya faɗa.

Na ga wasunku sun rubuta a nan cewa ai ba a filin ƙwallo ya sha ba, me ya haɗa koyar da ƙwallo da abin da mutum ya zuba a cikinsa. Ku da ba ku zauna a kujerar nan ba. Ni a ganina ya kamata a kore shi. Ba don ya sha ba, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Don ya sha ya ɗauki ran mutum ashirin ya hau titi da su, ya sa 'yar mutane ta ɓoye masa, kuma da muka faɗi, kafin ya tambayi wa ya ji ciwo sai da ya ƙirƙiro saniya. Iyaye ba don ya iya tsara 'yan wasa suka ba shi 'ya'yansu ba, don dokar nan tasa suka ba shi. Yanzu in wani yaro ya sha, da wane baki zai ce ya ajiye riga? Na sani ya wanke ni a lokacin da zai iya yin shiru, kuma da ya yi shirun da ba wanda zai kama shi, tunda duk hancin garin ya toshe. Ina tuna wannan. Amma kwana uku ya bar ni a bakin mutane kafin ya yi, kuma sai da Baba ya matse shi.

Yanzu maganar gari ta sauya. An daina cewa na sha, an koma cewa ni ce na tona wa Koci asiri. Matar nan ta dawo da 'ya'yanta ajina, ko kallona ba ta yi ba. Har yau ban iya shiga mota ba, ko Getso aka ce in je biki sai in ce kaina na ciwo. Masu tambayar tsaraba kuma, tana gonar wani bawan Allah tsakanin Kankiya da Tsanyawa, in awaki sun rage.

Yaya ya yi kwana tara bai yi mini magana ba. Ranar Asabar da safe na ji hon ɗin bas ɗin daga kan kwana, an gyara ta za su tafi wasa. Ban san sanda na ajiye tsintsiya na ruga zaure ba. Na tarar da Yaya a bakin ƙofa da hannunsa a rataye, shi ba zai je ba, yana leƙen titi. Motar ta wuce a hankali. Koci na gaba, gefen taga, a kujerata, usur a wuya. Na yi ta miƙa wuya in ga ɗaya ɓangaren, gilashi na ƙyalli ban gani ba.

Yaya bai juyo ba. Ya ce, "Direban Alhaji ne. Na duba."

Sannan na koma ciki na iya karyawa.